Guzurin Matafiyi: Malta, Tsibirin Kiristoci Mai Harshen Larabawa

 

Sanin kowa ne a wannan zamani 'yan'uwanmu da yawa suna fita ƙasashen waje da ƙashin kansu, wani don fatauci, wani don neman ilmi, wani don halartar taro, wani kuwa don buɗe ido kawai. Wanda ya tafi aikin hajji yana da jami'an alhazai da malaman bita waɗanda za su nuna masa inda zai sa ƙafa. Amma wanda ya tafi Turai shi kaɗai, to shi ne madugun kansa, shi ne ja-gaban kansa, sau da yawa ma shi ne ladani da limamin kansa. Irin wannan matafiyi ba shi da guzurin da ya fi sanin ƙasar da ya nufa tun bai bar gida ba. Saboda haka a wannan mako muka ga ya dace mu gabatar wa masu karatu wata 'yar ƙaramar ƙasa ta Turai da ake kira Malta. Mun zaɓe ta ne domin mai ɗan Larabci da ɗan Turanci zai ji sauƙinta fiye da sauran ƙasashen Turai, kuma wannan sauƙin shi ne zai iya ruɗinsa idan bai san tarihinta ba.

INDA TAKE DA GIRMANTA

Malta tarin tsibirai ce a tsakiyar tekun Bahar Rum, kudu da tsibirin Sisili na Italiya, wanda Larabawa suke kira Siƙilliya. Tsakaninta da Sisili bai cika kilomita 100 ba, tsakaninta da gaɓar Tunisiya kuwa kimanin kilomita 290 ne, Libiya kuma tana kudu da ita da kimanin kilomita 330. Tsibirai uku ne suke da mutane: Malta kanta, da Gozo, da wani ɗan mitsitsi a tsakaninsu mai suna Kemmuna. Faɗin ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 316 ne. Babban tsibirin tsawonsa kilomita 27, faɗinsa bai kai 15 ba, watau daga wannan kai zuwa wancan bai kai tafiyar Kano zuwa Wudil ba.

Duk da wannan ƙanƙanta, ƙidayar da aka yi a 2021 ta sami mutum 519,562 a cikinta, kuma fiye da ɗaya cikin kowane biyar baƙo ne daga wata ƙasa. Babu ƙasar da ta kai ta cunkoso a cikin Tarayyar Turai. Ba ta da kogi ko tafki, ba ta da daji, ba ta da tsauni. Wurin da ya fi tudu a cikinta mita 253 ne. Ƙasa ce ta farar duwatsu masu ɗan ruwan zuma, da su ake gina gidaje da katangun gonaki. Ruwan shansu kuwa daga rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa yake da kuma ruwan teku da ake tace gishirinsa da injuna, shi ya sa baƙo yakan ji ɗanɗanonsa dabam, ko da yake ba ya cutarwa. Babban birninta shi ne Baleta, wanda suke rubutawa Valletta.

HARSHEN DA ZA KA JI

Abu na farko da zai ba almajirin Larabci mamaki shi ne harshen mutanen. Harsuna biyu ne na hukuma, Maltanci da Turanci, kuma kusan kowa yana jin Turanci. Maltancin kuwa asalinsa Larabcin Magrib ne irin wanda aka yi a Sisili, ɗan'uwan Larabcin Tunisiya na yau, sai dai da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin sulusin kalmominsa na Larabci ne, kimanin rabi daga Italiyanci da harshen Sisili, ragowar kuma daga Turanci da waninsa. Amma ƙashin bayan harshen, watau sarafinsa da nahawunsa da kalmomin yau da kullum, na Larabci ne. Gida dar ne, ƙofa bieb, hanya triq, burodi ħobż, ruwa ilma, teku baħar, zuciya qalb, littafi ktieb.

Bahaushe ma da bai taɓa buɗe Ajurumiyya ba yana da rabonsa a nan, domin abin da muka aro daga Larabci su gadonsa suka yi. Ranakun mako a wurinsu su ne il-Ħadd, it-Tnejn, it-Tlieta, l-Erbgħa, il-Ħamis, il-Ġimgħa da is-Sibt, watau Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar. In an zo lissafin kuɗi a kasuwa kuwa za ka ji għoxrin, tletin, erbgħin, ħamsin, sittin, sebgħin, waɗanda ba su bukatar tafinta.

Yana da kyau matafiyi ya riƙe 'yan baƙaƙe kaɗan don karanta allunan hanya. Harafin x shi ne sh namu, j shi ne y, ġ shi ne j, ċ shi ne c. Harafin ħ shi ne ha ƙarami na Larabci, għ kuwa gurbin ain da gain ne, amma yawanci ba a furta shi, q kuma ya koma hamza. Da wannan za ka gane cewa garin masunta da ake rubutawa Marsaxlokk ana kiransa Marsashlok, marsa kuwa ita ce matsayar jiragen ruwa. Haka za ka gane Mdina da Rabat da Żejtun, garin zaitun, da Għajn Tuffieħa, watau idon ruwan tuffa.

To, a nan ne wurin lura. Mutumin Malta yana kiran Ubangiji Alla, yana kiran azuminsu na kwana arba'in Randan, yana kiran bikin Ista l-Għid il-Kbir, yana kiran limamin cocinsa qassis. Wanda ya ji waɗannan kalmomi zai iya zaton ya faɗo cikin Musulmi. Alhali kuwa tsarin mulkin ƙasar ya ambaci ɗarikar Katolika a matsayin addinin Malta, kuma ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi 82 cikin 100 na manyanta 'yan Katolika ne, Musulmi kuwa ba su cika kashi 4 ba, mafi yawansu baƙi. Coci-coci sun haura 350 a wannan 'yar ƙasa. Mutanenta suna alfahari da cewa Bulus, wanda Kiristoci suke kira manzo, jirginsa ya fashe a gaɓarsu wajen shekara ta 60 Miladiyya, kuma daga nan suke ƙirga Kiristancinsu.

YADDA AKA YI HAKA

Larabci ya shiga Malta ne daga Ƙairawan, birnin da Ibn Abi Zaid mai Risala ya fito, wanda babu makarantar zaure a ƙasar Hausa da ba a san sunansa ba. A 827 sarakunan Banu Aglab suka tura runduna Sisili ƙarƙashin alƙalin Ƙairawan, Asad bin Furat, almajirin Imamu Malik kuma mai littafin Asadiyya, wanda ya rasu a can a 828. A 870 rundunarsu ta ci Malta daga hannun Rumawa. Marubucin nan Alhimyari ya ruwaito cewa bayan wannan yaƙi tsibirin ya zama kufai, sai wajen 1048 Musulmi suka dawo suka raya shi, suka sake gina birninsa. Ana danganta musu shigo da noman auduga da lemo, da kuma na'urar ɗebo ruwa daga rijiya wadda dabba ke juyawa, har yau sunanta sienja.

A 1091 Roja, shugaban mutanen Norman da suka ƙwace Sisili, ya kawo hari Malta, mulki ya fara komawa hannun Kiristoci. Duk da haka Musulunci ya ci gaba da zama addinin mafi yawan mutane har fiye da shekara ɗari da hamsin. Wani rahoto da aka kai wa Sarki Firedirik na Biyu wajen 1241 ya ƙirga gidajen Musulmi 836, na Kiristoci 250, na Yahudawa 33. Ibn Haldun ya sa korar Musulmi daga tsibirin a 1249. Wanda ya riƙe addininsa aka kwashe shi zuwa Italiya, wanda ya zaɓi gonarsa da gidansa ya karɓi baftisma ya zauna. Jikokin waɗanda suka zauna su ne suka riƙe harshen har yau.

A 1530 Sarki Charles na Biyar ya ba da tsibiran ga wata rundunar baraden coci masu jingina kansu ga Yahaya Mai Baftisma, bayan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta kore su daga tsibirin Rodas. Kuɗin hayar da aka yanka musu shaho guda ne kowace shekara. Daga nan Malta ta zama sansanin yaƙin teku tsakanin Kiristoci da Musulmi, kowane ɓangare yana kama bayi daga ɗan'uwansa. A 1551 jiragen Turkawa suka kwashe kusan dukkan mutanen Gozo, wajen mutum 5,000 ko fiye, zuwa Turabulus. A 1565 Sarkin Musulmi Sulaimanu ya aiko babbar runduna ta yi wa Malta ƙawanya daga Mayu zuwa Satumba, ba ta ci nasara ba, kuma a nan ne shahararren jarumin tekun nan Dargut ya rasu, aka kai shi Turabulus aka binne. Shekara guda bayan haka, a 1566, aka aza harsashin birnin Baleta. Su ma baraden sun tara dubban bayi Musulmi masu tuƙa jiragensu, har akwai kurkukun bayi a Baleta mai ɗakin salla a ciki. Sai da Napoliyon na Faransa ya ci tsibirin a 1798 aka 'yanta su.

Ingilishi suka shigo a 1800, suka mai da Malta matattarar jiragen yaƙinsu. A Yaƙin Duniya na Biyu ta sha ruwan bama-bamai, har Sarkin Ingila ya ba ƙasar baki ɗaya lambar girma a 1942, wadda hotonta yake jikin tutarsu. Ta sami mulkin kai ran 21 ga Satumba 1964, ta zama jamhuriya a 1974, sojan Ingila na ƙarshe ya fita a 1979. Ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta karɓi kuɗin Yuro a 2008. Ita da Nijeriya da Gana duk 'yan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ne.

Amfanin wannan tarihi ga matafiyi biyu ne. Na farko, kada ya yi mamaki in ya ga ana hutun ƙasa ran 8 ga Satumba don tunawa da janyewar Turkawa, ko ya ga zane-zanen yaƙin a bangon fadar Baleta. Kowace al'umma da inda take tsayawa ta kalli tarihi, kuma baƙo bai je don ya yi musu da masu gida a kan abin da ya wuce shekara ɗari huɗu ba. Na biyu kuwa wa'azi ne gare mu. Ga mutane nan suna furta sunan Allah da Larabci dare da rana, amma babu ko gida ɗaya da ya gaji Musulunci daga wancan zamani. Ashe harshe shi kaɗai ba ya tsare addini idan makaranta ta mutu, malamai suka watse.

ABIN DA YA KAMATA A GANI

Wanda yake da mako guda zai ga mafi yawan ƙasar ba tare da gaggawa ba. Ya fara da Baleta, wadda ake zagayawa da ƙafa. Daga lambun Barrakka na sama ana hango babbar tashar jiragen ruwa da ganuwoyin tsofaffin garuruwa uku da ke tsallake, inda aka gwabza yaƙin 1565. Ana harba igwa a wurin da tsakar rana bisa al'ada, kada baƙo ya firgita.

Sa'an nan ya tafi Mdina, tsohon babban birni, mai ganuwa da lunguna ƙunci irin na biranen Magrib. Mazaunanta ba su kai 300 ba, kuma ba a barin motocin baƙi su shiga. A bakin ganuwarta, cikin Rabat, akwai kufan wani gidan Rumawa da ake kira Domvs Romana, wanda aka gano a 1881. A bisa kufan aka tarar da maƙabartar Musulmi ta ƙarni na 11, kuma duwatsun kaburburan masu rubutun Kufi suna nan a ajiye a gidan kayan tarihin wurin. Ya dace Musulmin da ya tsaya a nan ya yi wa waɗannan mamata addu'a.

A tsibirin Gozo, cikin ganuwar birnin Victoria wanda mutanen wurin suke kira Rabat shi ma, gidan kayan tarihi yana ɗauke da dutsen kabarin wata baiwar Allah mai suna Maimuna, wadda ta rasu a watan Sha'aban na 569 Hijira, daidai da 1174. Rubutun Kufi ne mai kyau a kan marmara, kuma mai Larabci zai iya gwada karatunsa da kansa. A Gozo ɗin ne kuma ake samun ginin Ġgantija, ɗakunan bauta na manyan duwatsu da aka gina wajen shekara 3,600 kafin Miladiyya, watau sun girmi dalar Fir'aunan Masar. Ba a san sunan mutanen da suka gina su ba, ba a san harshensu ba. Ga mai tunani wannan ya isa abin lura. Ɗan'uwan wannan gini shi ne kogon Ħal Saflieni da ke garin Paola, wanda aka sassaƙa a ƙarƙashin ƙasa hawa uku. Mutane kaɗan ake bari su shiga kowace rana, don haka sai an sayi tikiti ta intanet makonni kafin zuwa.

A garin Marsa akwai maƙabartar Turkawa wadda Sarkin Musulmi Abdul'aziz ya biya kuɗin gina ta a 1873 zuwa 1874, mai hasumiyoyi da ƙubbobi, ana ganin kyanta tun daga bakin titi. Ran Lahadi da safe kuwa kasuwar kifi tana ci a Marsaxlokk, inda ƙananan jiragen masunta masu launi-launi suke jere a bakin ruwa.

SHIGA TA ƘOFA

Malta tana cikin yankin Shengen tun 2007. Ɗan Nijeriya ko Nijar ko Gana ko Kamaru ko Cadi ko Sudan yana bukatar biza kafin ya tashi. Bizar ɗan gajeren zama ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma tun 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba. Ana neman fasfo da zai yi saura aƙalla wata uku bayan ranar fita, da shaidar masauki, da tikitin komowa, da shaidar abin hannu, da inshorar lafiya wadda ta kai Yuro 30,000. Babu jirgin sama kai tsaye daga Afirka ta Yamma, sai an ya da zango a Istanbul ko wani birnin Turai, a sauka a filin jirgi na Luqa, wanda shi kaɗai ne a ƙasar. Wanda ya riƙo tsabar kuɗi da suka kai Yuro 10,000 wajibi ne ya bayyana su ga jami'an kwastan. Haka kuma dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da abin da aka yi da madara daga waje, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, in ba haka ba a kwandon kwastan za su ƙare.

Akwai wata hanyar kuma wadda muke roƙon matasanmu da su guje ta, ita ce ta ratsa Sahara zuwa Libiya a hau kwalekwalen roba. Malta tana kan wannan hanya, kuma ta ga gawarwaki da yawa. A watan Afrilu na 2015 wani jirgi ya kife da mutum wajen 800 a tsakanin Libiya da Italiya. Gawa 24 aka kawo Malta, limami da bishop suka yi musu addu'a tare, aka binne su ba tare da an san sunan ko ɗaya ba. Wanda ya tsira ya iso ta wannan hanya kuwa tsare shi ake yi a sansani, daga baya ya fita neman aikin lebura ba da cikakkun takardu ba. Jefa rai cikin halaka haramun ne a Shari'a, haka kuma wanda ya shiga da biza ya ƙi fita a kan wa'adi ya saɓa alkawari, ya kuma ƙuntata wa na bayansa.

ZIRGA-ZIRGA DA LOKACI

Babu jirgin ƙasa a Malta tun 1931. Motocin bas su ne abin hawan jama'a, kuma mafi yawansu daga bakin ƙofar Baleta suke tashi. Akwai katin mako guda na baƙi wanda ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai araha. Jirgin fito zuwa Gozo yana tashi daga Ċirkewwa a arewacin tsibirin, tafiyar kimanin minti 25, kuma a komowa ake biya. Akwai kuma mai sauri daga Baleta, kimanin minti 45. Wanda yake so ya leƙa Sisili zai sami jirgin ruwa zuwa Pozzallo cikin ƙasa da awa biyu. Mai son hayar mota ya sani a hannun hagu ake tuƙi, irin yadda ake yi a Nijeriya kafin 1972, hanyoyin kuma matsattsu ne. Soket ɗin lantarki mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya da Gana. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Agogonsu daidai yake da na Nijeriya da Nijar daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, a sauran watanni kuwa suna gaba da awa guda. Yuli da Agusta watannin zafi ne da gumi da cunkoson baƙi da tsadar masauki, kuma lokacin ne kowane gari yake bikin waliyyinsa da wasan wuta mai ƙara tun da safe. Disamba zuwa Fabrairu akwai ruwan sama da iska mai sanyi. Mafi daɗin lokaci shi ne Afrilu da Mayu, ko Oktoba.

SALLA DA ABINCI

Masallaci guda ne aka gina musamman a matsayin masallaci a ƙasar, shi ne Masallacin Maryam Albatul da ke Paola, ba nisa da kogon da muka ambata. Mu'ammar Gaddafi na Libiya ne ya aza harsashinsa a 1978. A nan ake babbar Juma'a, kuma a nan baƙo zai tambayi sauran ɗakunan salla da mahautan da aka amince da su. Ba za ka ji kiran salla a unguwanni ba, don haka ka riƙe jadawalin lokuta a wayarka, domin rana tana kai awa goma sha huɗu da rabi a watan Yuni, ta kasa goma a Disamba.

Alƙibla kuma sai an kula. A Kano da Zinder mun saba fuskantar gabas mu ɗan karkata arewa. A Malta kuwa gabas ake fuskanta a karkata kudu, kimanin digiri 116 daga arewa. Game da ƙasaru, a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya zama mazauni, sai ya cika salla. Kuma da yake nisan ƙasaru mil 48 ne, babu wata tafiya a cikin Malta, ko zuwa Gozo, da za ta kai wannan nisa. Saboda haka mai mako guda ya cika sallarsa tun daga ranar da ya sauka har ranar da ya kama hanyar gida.

Wajen abinci, naman alade yana da yawa a girkinsu, yana ɓuya cikin tsiran Turawa da miya da taliya. Abincin da suke alfahari da shi shi ne zomo, wanda suke kira fenek. Zomo halal ne, amma yawanci da giya suke dafa shi, ga kuma batun yanka. Wasu gidajen abinci suna sayar da naman doki, wanda mashhurin mazhabarmu ya hana. Akwai wani ɗan burodi mai ɓawo da ake cusa wa cuku ko wake, pastizzi, mai arha ƙwarai, amma a tambaya da wane irin mai aka yi shi, domin wasu da kitsen alade suke yi. Mafita mai sauƙi ita ce kifi, tun da duk abin da ya fito daga teku halal ne a wurinmu. Daga tsakiyar Agusta zuwa Disamba kakar wani kifi ce mai suna lampuki. Akwai kuma ftira, burodi mai huji a tsakiya da ake ci da tumatir da man zaitun da kifin gwangwani, da imqaret, soyayyen fulawa mai dabino a ciki, da ħelwa tat-Tork, watau alewar riɗi. Gidajen abincin Turkawa da Larabawa da 'yan Pakistan suna da yawa a garuruwan bakin teku.

LADUBBAN BAƘO

Mutanen Malta masu riƙo da iyali ne, masu son hira, masu ɗaga murya in suna magana ba don faɗa ba. Wanda ya gaishe su da bonġu da safe, ya ce grazzi in an yi masa alheri, zai ga fara'a. Sai dai da yawansu ba sa son a ce musu Larabawa, saboda tarihin da muka bayyana, don haka in ka ji kalmar da ka gane ka yi murna da ita ba tare da ka yanke musu hukuncin asali ba. Wanda ya shiga coci don kallon gini ya cire hula, ya yi shiru, kada ya ɗauki hoto ana cikin ibada; su ma suna hana shiga da tufafin da ba su rufe kafaɗa da gwiwa ba. A bakin teku da rani akwai tsiraici, unguwar Paceville kuwa matattarar mashaya da gidajen rawa ce, ƙasar kuma cibiya ce ta kamfanonin caca ta intanet. Mai neman masauki ya san da wannan kafin ya biya kuɗi. Kamar ko'ina, akan sami wanda zai yi wa baƙar fata kallon raini, musamman da yake an saba ganin 'yan Afirka a matsayin 'yan gudun hijira. Maganin wannan shi ne takardu cikakku a aljihu, da tufafi masu tsabta, da haƙuri.

Baƙo dai raɓa ne, in ji Hausawa. A ƙasar da Musulmi bai kai ɗaya cikin ashirin da biyar ba, mai yiwuwa ne direban bas ko mai gidan saukar da ka yi hulɗa da shi bai taɓa zama da wani Bahaushe ba sai kai, kuma da abin da ya gani a wurinka zai auna na bayanka. Ka biya abin da ke kanka, ka tsai da sallarka a kan lokaci, ka fita ranar da ka ce za ka fita.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda teku ta ci.